Sunan Mai Rai

Duk ranar Litinin da hantsi, idan Reb Anshel mai karɓar kaya ya leƙo ta taga ya ƙwala kira, "Zlata Rozenfarb!" wadda take amsawa ba Zlata ba ce. Mindel ce, yayar mijin Zlata. Takan fito daga layi da darduma biyu a kafaɗa, ta dire su a kan benci, ta miƙa katin aiki mai ɗauke da sunan wata, a buga masa hatimi. Wata bakwai ke nan ana haka, kuma kaf layin nan babu wanda bai sani ba.

"Zlata, kin ƙara furfura a makon nan," in ji Reb Anshel, yana shafa saƙar da babban yatsa. Tsokanarsa ke nan kullum.

"Aikin ne, Reb Anshel."

Amma ran nan bai yi dariya ba. Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya.

"Saurara, Mindel. Jamusawa sun ce a ba su mutum dubu, kuma daga marasa kati za a fara. Ki zo min da ƙaninki da katin nan, ya sa hannu cewa ke ce mai aikin. Minti biyar ne. Ni zan kankare wancan sunan in rubuta naki."

Tun da aka zagaye unguwar da waya mai ƙaya aka cusa mu ciki, mu Yahudawan garin, katin aiki shi ne komai. Mai kati yana da gwangwanin romo da tsakar rana. Mai kati ba a sa shi a jirgin ƙasan da ke tafiya gabas, wanda har yau ba mu ga ya dawo da kowa ba. Katin namiji yana rufa wa matarsa da 'ya'yansa asiri, amma ba ya rufa wa 'yar'uwa. Berish, ƙanin Mindel, yana da nasa katin na wurin kafintoci, don haka Zlata a rufe take tun farko. Kati biyu ke kanta, ita kuwa wadda hannunta ke aikin ba ta da ko ɗaya.

Yadda abin ya faru ba wani dogon labari ba ne. Ranar da aka rubuta masu saƙar tsumma a gida, Mindel na kwance da zazzaɓi, ko sunanta ba ta iya faɗa. Berish ya je ya riƙe mata gurbi da sunan matarsa. "Na 'yan kwanaki ne, Yaya, kafin ki miƙe." Ta miƙe. Ta zauna a gaban buhun tsumma, tana yankawa, tana kitsawa uku-uku, tana ɗinke kitson ya zama darduma. Zlata ta gwada sau ɗaya, ta ce ƙurar tana sa ta amai.

Ni ƙofata na kallon tasu, bango ne na katako tsakaninmu, ko cokali ya faɗi ina ji. Na ji uzurin nan tun yana jariri har ya yi gemu. Da farko Berish ya ce, "Bari ki ƙara ƙwari, Yaya." Daga nan, "Layin ofis ɗin nan sai mutum ya rasa aikin yini." Da damina ta wuce, "Bayan bukukuwa, in Allah ya yarda." Da bukukuwa suka wuce, cikin Zlata ya fito fili, sai aka sami uzurin da ya haɗiye sauran duka.

Mindel ce mai zuwa karɓo romon. Takan tsaya awa guda cikin sanyi, ta rungumo gwangwanin a ƙarƙashin mayafi don kada ya huce, ta hau bene hawa uku, ta ajiye a gaban Zlata. Romo ne dai na ruwa da ɓawon dankali, wata rana da ɗan kabeji yana yawo a ciki shi kaɗai. Zlata takan sha tana sunkuyar da kai.

"Ba ni nake sha ba, Yaya Mindel, na cikin ne. Ga ragowa, ki ɗauraye ki sha."

Kuma Mindel takan ɗauraye ta sha. Abin da ke ƙona min rai ke nan har gobe. Romon ba shi ne damuwarta ba. Ta faɗa musu ya fi a ƙirga: "Ku riƙe romon, ko sunana ne a katin Zlata ce za ta sha. Sunan kawai nake so."

Hannuwanta kuwa sun riga sun lalace. Rinin tsumma ya shiga tsagun yatsunta ya zauna, bakin faratan sun farfashe, da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su buɗe. Shekararta arba'in da shida, amma in ka gan ta daga baya tana hawan bene sai ka ce mata kaka.

Akwai wata rana, kafin wannan, da na shiga aron gishiri na tarar suna zancen sunan abin da za a haifa. Mindel ta ce in mace ce, ba sai an yi shawara ba, Hudes ce, sunan mahaifiyarsu ita da Berish. Zlata na cikin raha ranar, ta ce, "Ko kuwa mu yi miki takwara, Yaya?"

Mindel ta saki almakashi, ta tofa yawu sau uku ta bayan kafaɗa.

"Tuf, tuf, tuf! Cije harshenki, yarinya! Ina raye?"

Muka yi dariya dukanmu, har da Zlatan. Don a wurinmu ba a sa wa jariri sunan mai rai. Suna na mamaci ne, sai an binne mutum ake ɗauko sunansa a ba wa na baya. Ko yaron goye ya san wannan.

To, ranar Litinin ɗin da Reb Anshel ya gargaɗe ta, Mindel ta jira Berish a bakin ƙofa. Ko hularsa bai cire ba ta tare shi da maganar.

"Gobe da sassafe, kafin ka shiga aiki. Minti biyar ya ce."

Berish ya zauna a bakin gado yana kwance takalmi a hankali. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda ba ya taɓa cewa a'a, kuma ba ya taɓa yin abin da ya ce to.

"Yaya, ki yi tunani. In muka je muka ce wata bakwai ƙarya muke yi, me zai hana su ƙwace katin gaba ɗaya?"

"Wa zai ƙwace? Shi mai ƙwacewar ne ya ce mu zo!"

"Reb Anshel ba shi kaɗai ba ne a ofis."

"To ni in yi yaya?"

"Kullum ana wannan jita-jitar. Tsofaffi suke ɗiba da marasa lafiya. Ke wa ya isa ya kalle ki ya ce tsohuwa?"

Zlata ta yi magana daga bayan labule: "Kuma in aka rufe wurin kafintoci fa? Ai an rufe na masu jimar fata a rana ɗaya. Sai in tsaya da ciki wata tara ba kati ko ɗaya?"

"Yanzu kina da biyu, Zlata. Ni ba ni da ko rabi."

Sai kuka. Zlata ta riƙe mara tana cewa wayyo, Berish ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kin gani ko, Yaya? Kin ga abin da kika jawo? Don Allah ki bar maganar nan zuwa jibi."

Jibi ta zo, ya ce mai gidansu ya sa musu ido, wanda ya makara a bakin katinsa. Ranar Alhamis Mindel ta ɗauki katin da kanta ta tafi, Reb Anshel ya girgiza kai, ya ce dole sai da hannun maigidan mai katin, ba shi ya kafa dokar ba. Ranar Juma'a ta bi Berish har ƙofar wurin aikinsu, tana riƙe da hannun rigarsa a kan titi, mutane na kallo.

"Haba Yaya, kina kunyata ni."

"Ni na wanke maka kashi, Berish. Ba ka san kunya ba a lokacin."

"Bayan Asabar. Na rantse miki da kabarin Mama, ranar Lahadi da safe."

Da yammacin Juma'ar nan Mindel ta kunna guntun kyandir ɗin da take ɓoyewa don shigowar Asabar, ranar ibadarmu, ta rufe fuska da tafukan nan nata masu rini, ta daɗe ba ta buɗe ba. Berish ya sa albarka a kan burodi, ya yanka uku. Nata ne ƙarami, kamar kullum, kuma kamar kullum ya ce wuƙar ce ta goce.

Ranar Lahadi takardar ta riga shi tashi. Ɗan sandan unguwa ne ya kawo, ɗan uwanmu Bayahude mai hula da kulki, yana kauce wa ido. Mu gayyatar biki muke ce wa irin takardar nan, don an rubuta rana da wuri da abin da za ka zo da shi. Mindel Rozenfarb, marar aiki. Gobe Litinin, tsohuwar makarantar da ke kusa da tasha, da ƙunshi ɗaya.

Marar aiki! Tana zaune a kan buhun tsumma, allura a bakinta, aka miƙa mata.

Berish ya karanta sau biyu, ya dafe kai. Ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba, hawaye na gaske. Da ya share sai ya ce:

"Yaya, kin san in ba ki je ba, burodin gidan nan duka za a tsayar. Da na Zlata."

"Mu je wurin Reb Anshel yanzu."

"Yau ba ya zama. Ki je goben kawai, ai ba ranar ake tafiya ba, sai sun tara mutane. Ni kuma in gyara katin in zo in fito da ke. Kwana ɗaya za ki yi, da ikon Allah."

Mindel ta kalle shi, ta kalli buhun. Sai ta cire allurar daga baki ta ci gaba da ɗinki. Saura rabin darduma a aikin makon, kuma in ba a kai ba ranar Litinin babu hatimi, babu romo. Ta gama ta kafin rana ta faɗi, ta naɗe, ta ɗaure. Na ce mata, "Mindel, ke wace irin mace ce? Ki bar musu su ɗinka da haƙoransu mana!" Ta ce, "Bluma, in katin ya mutu, me za a rubuta sunana a kai?"

Ni na kai dardumar ranar Litinin, bayan na raka ta ƙofar makaranta. Reb Anshel ya kira Zlata Rozenfarb, ya ga ni ce, ya ajiye hatimin. Na faɗa masa. Ya zagi Berish zagin da ban taɓa zaton yana cikin bakin dattijo mai gemu ba. Sannan ya ce jirgi sai Juma'a. In Berish ya sa hannu kafin tsakar ranar Alhamis, shi da kansa zai kai takarda a fito da ita, ya taɓa yi wa mutum biyu. Bayan tsakar rana kuwa an rufe sunaye, ko shi bai isa ba.

Na faɗa wa Berish da bakina, a gaban matarsa. Ya ce to.

Ranar Talata Zlata ta haihu, mace, 'yar ƙarama amma da lafiyarta. Ranar Laraba na ƙwanƙwasa musu, ya ce yau dai ai kowa ya san ba zai bar mai jego ita kaɗai ba. Na ce ni zan zauna da ita. Ya ce gobe da sassafe, kafin ma Reb Anshel ya buɗe taga.

A can makaranta, Mindel ta sami wuri a jikin wayar da ta kewaye harabar, ta gefen da ake hango kwanar titinmu. An cusa ɗaruruwan mutane a azuzuwa, amma ita ba ta yarda ta shiga ciki da rana ba, kada a zo kiranta a rasa ta. Sau biyu a kwanakin nan ɗan sanda ya fito da takarda ya kira suna, mutum ya ɗauki ƙunshinsa ya fita yana tuntuɓe don murna. Duk lokacin sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta riƙe nata ƙunshin. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ita ta ce, "'Yata, zauna ki adana ƙarfinki." Mindel ta ce, "Ƙanina na zuwa. Ni ma'aikaciya ce, kuskure aka yi." Ta nuna mata hannuwanta.

Ranar Alhamis ta tsaya tun fitowar rana. Ta ga inuwar sandar waya tana gajarcewa har ta shige ƙarƙashin sandar, sannan ta fara fitowa ta ɗaya gefen. Babu wanda ya kira ta.

Sai can da la'asar muka iso, ni da Berish. Ni ma ban san komai ba, tun asuba nake layin gawayi, na dawo na gan shi yana saukowa daga bene da gwangwanin romo a hannu, sanye da rigarsa ta Asabar. Da na ga rigar sai zuciyata ta yi sanyi, na ce lallai daga ofis yake. Na tambaye shi a hanya, ya ce bari dai mu isa.

Mindel ta hango mu tun daga kwana. Ta saƙala yatsunta a waya.

"Ina takardar?"

"Yaya, na kawo miki romo. Yau Zlata ta ce ke za ki sha duka."

"Berish, ina takardar?"

Ya tura gwangwanin ta ƙarƙashin waya. Ba ta ko kalle shi ba.

"Na yi niyya, Allah ya sani na yi niyya. Amma Yaya, ki duba. Yanzu ga jaririya. In katin kafintoci ya faɗi, su biyu ne za su tsaya a inda kike. Na kwana ina juyawa. Kuma ana cewa can gabas ɗin gonaki ne, masu hannu irinki ba sa rasa abin yi."

Na ji kamar in shaƙe shi. Mindel kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta jingina goshi da waya. Da ta ɗago sai ta ce:

"An sauka lafiya?"

"Lafiya lau. Mace ce."

Fuskarta ta ɗan saki, duk da komai. Shekara goma sha ɗaya gidan nan na jiran haihuwa, ita ma tana cikin masu jira.

"Da wa take kama?"

"Da ke, Yaya. Kowa ya ce da ke."

Sai idonta ya sauka a kan rigar Asabar ɗin. Ranar Alhamis ana buɗe Attaura, kuma a gaban Attaura ake raɗa wa 'ya mace suna, in an sami maza goma. Tara maza goma a unguwarmu a ranar aiki ba ƙaramin abu ba ne, sai ka bi gida-gida kana roƙo, ka yi safiya guda a kai.

"Har ka yi suna ke nan," in ji ta. "Da safen nan."

"E."

"Ka sami lokaci."

Berish ya gyara wuyan rigar.

"To, Allah ya raya Hudes. Ka ce mata..."

"Ba Hudes ba ce."

Ya faɗe shi yana murmushin nan na mai kawo tsaraba. Har yau ina jin da gaske ya ɗauka kyauta ya kawo mata.

"Mun ga ya kamata a tuna da ke, Yaya, bayan duk abin da kika yi mana. Zlata ce ma ta fara faɗa. Mindel muka sa mata."

Tsohuwar nan da ke zaune a gefe ta ja numfashi ta tofa yawu. Ni na toshe bakina da mayafi. Mindel ta zare yatsunta daga waya ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya taku guda, don ya gan ta tun daga kai har ƙafa.

"Dube ni, Berish."

Ya duba ƙasa.

"Na ce ka dube ni! Ina tsaye. Ina numfashi. Ga hannuna yana motsi. Ka tsaya a gaban Attaura da maza goma ka ba da sunana, ina nan ina jiran ka tun asuba?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba..."

"Wata bakwai ina roƙon ka rubuta shi a kan kati, ka ce babu lokaci. Ashe jira kake in matsa."

Ta sunkuya ta ɗauki gwangwanin. Na ɗauka za ta watsa masa, kuma da ta yi da na ji daɗi. Sai ta turo shi ta ƙarƙashin waya, a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

"Kai wa mai jego. Mamaci ba ya shan romo."

Ta ɗauki ƙunshinta ta juya, ta shiga cikin ajin da ta ƙi shiga kwana huɗu. Berish ya tsaya yana kiran "Yaya, Yaya," har ɗan sanda ya kore mu. Kuma Berish ya ɗauki gwangwanin. Ya rungume shi a ƙarƙashin rigar Asabar har gida, kada ya huce.

Jirgin ya tashi ranar Juma'a da hantsi.

Ranar Litinin Reb Anshel ya leƙo ta taga ya kira Zlata Rozenfarb, Zlata ta gaske ta fito da saƙar hannunta, wani abu mai kama da igiyar ɗaure akuya. Ya juya shi, ya mayar mata. Mako biyu ya yi mata haƙuri, a na uku aka karɓe katin aka ba wata. Wurin kafintoci kuwa ba a rufe ba, katin Berish ya ci gaba da rufa musu asiri kamar yadda yake yi tun ranar farko.

Jamusawa ne suka kawo waya da jirgi, wannan babu mai musu, kuma alhakinsu ba zai taɓa sauka ba. Amma ba Bajamushe ne ya hana minti biyar ɗin nan ba. Na ci gaba da zama a bayan bangon katakon, ina jin Zlata tana rarrashi, "Mindel, yi shiru, Mindel, ga nono," ina jin Berish yana faɗa wa baƙi cewa sunan yayarsa ce, mace mai zuciyar zinariya, ita ta raine shi. Yarinyar ba ta da laifin komai, na goya ta, na ba ta abin da nake da shi. Sai dai ban taɓa iya kiran ta da sunan ba, ko sau ɗaya. Mai sunan ba a gama da ita ba aka ƙwace shi.